Randa Uku, Babu Toka

Litinin, 6 ga Yuni, 1955, bayan la'asar

Yau aka buɗe randunan iri. Da ma ba a gaban mutane aka buɗe ba, amma ni na shirya taron da kaina, har da shimfiɗa tabarmi da jera yara, don iyaye su ga abin da makaranta ta adana. Shekara ashirin da biyu ina koyarwa, bakwai a ciki ina hedimasta, har yanzu ban warke daga son a taru a kalle ni ba.

Randa uku ne na irin waken Baba Maikano, dattijon Utai da ke koya wa yaranmu noma ran Talata da ran Asabar. Shi ya zuba waken da kaka, ya gauraya da toka yadda ake yi don kada ƙwari su taɓa, ya liƙe baki da laka, aka ajiye a siton makaranta. Ƙasimu, mai 'ya'ya uku a wurinmu, wanda ba ya iya ganin abu a rufe ya ƙyale, shi ya fasa lakar da ƙotar fartanya tun Baba bai gama gaisawa da mutane ba. Ya cusa hannu ya ɗebo. Gari ne da ɓawo, kowace ƙwaya da huda, ƙwari suna bin yatsunsa. Ta biyu haka, ta uku haka.

Ƙasimu ya karkaɗe hannu ya ce ai babu toka a ciki ko ta tsinke. Baba ya ce ya zuba. Ƙasimu ya juye randar a kan tabarma ya ce to a nuna masa. Baba ya tsuguna ya daɗe yana tona garin da yatsa, sannan ya sake cewa ya zuba, amma a hankali.

Na sallami yara. Na yi wa iyaye godiyar zuwa.

Talata, 7 ga Yuni, da hantsi

Baba ya zo kamar kullum, ya shiga gonar makaranta da 'yan aji uku da huɗu, yana nuna musu tazarar da za a bari tsakanin gero don wake. Wane waken, bai faɗa ba. Na gaishe shi da tsawo fiye da yadda na saba, har na tambayi lafiyar jakinsa.

Da zai tafi ya ce, "Malam, ranar da na liƙe su, kana wurin ai?"

Na ce ina aji. Gaskiya ne, ina aji. Ta taga nake ganinsa yana kwasar toka da ƙwarya, amma ba ta taga ya tambaye ni ba.

Alhamis, 9 ga Yuni, bayan azahar

Ina neman rajista na ci karo da rahoton Baturen makaranta na watan Fabrairu. Ya yabe mu sosai. Ya ce bai ga sito mai tsabta irin namu ba a duk inda ya zaga: babu ƙura, babu tukwanen gargajiya, iri a jere cikin wankakkun garewani, kowace da takarda an rubuta sunan abin da ke ciki da hannu mai kyau. Hannun dai nawa ne, kuma ba laifi yana da kyau. Sau uku na karanta wa malamai rahoton nan a lokacin. Yau na sa shi a ƙarƙashin tsofaffin taswirori.

Talatu mai dafa wa yara abinci ba ta yi mini tsiya ba tun ran Litinin. Taubashiyata ce, 'yar ƙanen uwata, tun muna yara ba ta taɓa wuce ni ba ta ja hulata da baki ba. Yanzu sai ta durƙusa ta ce ina kwana Malam, kamar baƙuwa. Na fi son zagin.

Juma'a, 10 ga Yuni, kafin magariba

Na zaga kasuwa. Wake ga shi nan buhu-buhu, fari da ja, sai dai ba ɗan Huseina ba ne.

Bari in rubuta labarinsa, tunda rubutu ne abin da na iya. Huseina uwar Baba Maikano ce. Ita ta riƙa tsince kwanson da ya riga saura nuna, shekara da shekaru, har ta samu waken da ke kawowa tun gero bai shigo gida ba, daidai lokacin da rumbuna suke ƙara in an buga su. Mutanen Utai suka sa masa sunanta. Da gyaɗa ta yi daraja sai kowa ya watsar, har ɗan Baba, Haladu, wanda in da hali da kan soronsu ma gyaɗa zai shuka. Bara Baba ya kwaso duk abin da ya rage ya kawo mana. Ya ce a hannun yara arba'in ya fi tsira da a hannun tsoho ɗaya.

Ni da shi muka ƙulla tsarin ciyar da yara shekara biyu da suka wuce. Yaran Utai da Dagumawa suna tahowa tun sassafe, rana na take tsaka yunwa ta kore su gida, ba su dawowa. Sai muka ce kowane uba ya riƙa kawo damin gero in layi ya zo kansa, makaranta ta noma wake da kuɓewa da yakuwa, Talatu ta dafa. Iyaye ba don ni suka yarda ba. Ni a wurinsu mutum ne mai karanta littafi kafin ya san inda gabas take. Don Baba suka yarda, domin a Utai in ya ce yau a shuka, shukawa ake yi ko sama fes take.

A kasuwa na ji wani mai sayar da igiya yana cewa tsufa ba ya sallama in zai shigo. Bai ambaci suna ba. Na sayi igiyar da ba ni da bukata na wuce.

Lahadi, 12 ga Yuni, da safe

An yi ruwa mai kyau. Gero ya miƙe. Ban je Utai ba.

Laraba, 15 ga Yuni, bayan azahar

Layin Ƙasimu ne wannan makon, damin bai zo ba. Ya aiko cewa sai ya ga inda abin ya dosa, don ba zai ɗora cikin 'ya'yansa a kan wanda ya manta toka ba, gobe gishiri zai manta, jibi sunan yaran. Ƙasimu ya iya magana. Da ya yi makaranta da yanzu yana majalisa yana damun mutane da yawa a lokaci ɗaya.

Talatu ta dama kunu da abin da ya rage, tsararo, ana ganin gindin ludayi. Na je madafa don in nuna damuwa. Na ce ai abin da ya faru ƙaddara ce, an buɗe randunan a Fabrairu don a gyara sito, an tankaɗe, an mayar, ba a yi da nufin komai ba.

Ta ci gaba da iza wuta. Can ta ce, "Malam, shi wannan An ɗin ɗan wane gari ne? Na ga dai doguwar riga gare shi irin taka."

Na ce mata nahawu ba fagenta ba ne. Ta ce haka ne, fagenta rariya ne, kuma ta tuna wanda ya miƙo mata ita.

Tsiyar ta dawo ke nan. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Asabar, 18 ga Yuni, da hantsi

Baba bai zo ba. Ni na fita da yara gona, da littafin aikin gona na Turanci a hammata. Na karanta musu babin wake, na fassara. Sun saurara da ladabi, irin ladabin da ake yi wa mai wa'azin da ba a san yarensa ba. Littafin ya yi shafi huɗu a kan ajiyar iri. Na sake dubawa da kyau bayan sun tafi. Ya ce a sa a wuri mai tsabta, busasshe. Toka sau ɗaya ya ambace ta, a babin taki.

Talata, 21 ga Yuni, bayan la'asar

Yau ma Baba bai zo ba. Da safe yara arba'in da ɗaya, bayan azahar goma sha tara. Dami biyu ke nan ba su zo ba.

Tunda ba mai karanta wannan littafi sai ni, bari in jera abin yadda ya faru.

Takarda ta zo cewa Bature zai duba makaranta. Aka shiga sito aka ga randa uku baƙi ƙirin, da laka a baki kamar gidan zanzaro. Aka ji kunya. Aka tuna wani hedimasta da aka rubuta wa cewa sitonsa kamar ɗakin boka. Aka sa Talatu ta fasa, ta tankaɗe tokar, aka zuba waken fes a garwa, aka ɓoye randunan a bayan madafa. Tokar kuwa aka watsa a fagen yakuwa, tunda littafi ya ce taki ce. Talatu ta ce a bari ta tara wata tokar a mayar. Aka ce gobe. Bature ya yi jinkirin kwana tara, waken yana zaune a buɗe yana jiran yabo. Da ya tafi aka ga waken lafiya lau, fari tas, har aka yi tunanin tokar nan camfi ce ta mutanen da. Aka mayar a randa haka nan, aka kwaɓa laka da hannun da bai saba ba, aka liƙe.

Na karanta abin da na rubuta. Talatu ta yi gaskiya, doguwar riga gare shi.

Laraba, 22 ga Yuni, da safe

Yakuwar ta yi kyau ƙwarai bana. Kowa ya wuce sai ya faɗa.

Juma'a, 24 ga Yuni, bayan la'asar

Na haɗu da Haladu wajen masu sayar da randa. Na tambayi Baba. Ya ce jiki lafiya, yana ci yana sha, sai dai ya sauya. Wai in ya idar da salla sai ya tambayi jikokinsa ko ya yi, in sun ce ya yi sai ya ce raka'a nawa suka gani. Ranar Lahadi ya ɗaure jaki ya koma sau uku yana duba igiyar. Jiya ya tara su ya danƙa wa Haladu rumbunan gidan, ya ce wanda ya manta toka bai kamata a bar masa abincin mutum goma sha biyu ba. Maƙwabta sun zo tambayarsa ko lokacin saka wake ya yi, ya ce su tambayi mai hankali.

Haladu bai faɗi wannan da baƙin ciki ba. Ya ce da ma sun daɗe suna so ya huta. Ya yi mini godiya da ban tozarta tsohon a gaban mutane ba ranar nan, ya ce kowa ya lura da yadda na yi shiru.

Na ce ba komai.

Ni na zaci abin da na ɓata wake ne. Wake nake ta lissafi tun ran Litinin ɗin nan, inda za a samo, wa zai iya samun ragowa a ƙasan tukunya a Dagumawa. Ban taɓa kawo wa raina cewa mutumin zai tsaya tsakanin abin da ya tuna da abin da ya gani a tabarma, ya zaɓi tabarma ba. Ya ga kansa yana zuba toka, ni ma na gan shi. Amma mutum talatin sun ga babu, kuma malamin da ya karanta littattafai yana tsaye bai ce uffan ba.

Litinin, 27 ga Yuni, kafin magariba

Na ɗauki keke bayan an tashi, na kama hanyar Utai. Na shirya jawabin tun a gida, da gabatarwa da komai, har da wani misali daga tarihin sarakunan Bagadaza. A rabin hanya na ga hadari ya haɗo daga gabas, na juyo. Ba a yi ruwan ba.

Laraba, 29 ga Yuni, bayan azahar

Talatu ta kife tukunya yau, babu abin dafawa. Ta zo ofis ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta durƙusa ba. Ta ce ta yi niyyar zuwa Utai da kanta tun makon jiya, abin da ya hana ta shi ne ta san yadda za a ji maganar: mai dafa abinci ta buɗe randar wake. Ba wanda zai tambayi wa ya sa ta, za a ce ta ɗiba ta kai gida ne. Ga ta bazawara, ga 'ya mace da ake neman aurenta.

Na ce ina nazarin hanyar da ta fi dacewa.

Ta ce, "Labaran, tun kana yaro in ka fasa ƙwarya sai ka zauna kusa da ita kana karatu da ƙarfi."

Shekara ashirin rabon da wani ya kira ni da sunana ba Malam a gaba.

Asabar, 2 ga Yuli, da hantsi

Yara goma sha ɗaya bayan azahar jiya. Mutane sun fara saka wake, kowa da ranar da ya ga dama, tunda babu mai cewa yau. Tazarar da Baba ya sa yara suka bari a gonarmu tana nan, ciyawa ta fara cinye ta.

Talata, 5 ga Yuli, kafin magariba

Na je.

Na same su a gindin tsamiyar ƙofar masallaci bayan azahar, Baba da Ƙasimu da Haladu da wasu dattawa shida ko bakwai. Baba ya rame ta wuya. Ya matsa mini a buzunsa. Muka gaisa, aka tambayi makaranta da iyali da gajiya da ruwa, na amsa duka, ina jin jawabina yana zubewa ɗaya bayan ɗaya. Sarakunan Bagadaza ban san inda suka yi ba.

Sai kawai na ce Baba ya zuba toka, na gan shi da idona. Ni na sa aka fasa randunan a Fabrairu don Bature, ni na sa aka tankaɗe, ni na hana a mayar da toka, ni na liƙe da hannuna. Na ce na yi shiru wata guda saboda kunya. Ban taɓa jin muryata ta yi ƙanƙanta haka ba.

Na jira Ƙasimu, har na shirya wuyana.

Ƙasimu ya dube ni, ya dubi Baba, ya girgiza kai a hankali. Ya ce shi dai bai taɓa ganin ɗan boko mai mutunci irin wannan ba. Ya ce mutum da rawaninsa da matsayinsa ya tako har Utai ya shafa wa kansa baƙi don ya rufa wa tsoho asiri, wannan sai ɗan halak. Dattawa suka ce haka ne. Wani ya ce ai ka ji ƙaryar ma ba ta zauna ba, yaushe Malam ya taɓa kwaɓa laka, dubi hannunsa. Aka yi dariya mai daɗi, irin ta mutanen da suka ga abin kirki.

Na rantse. Suka ce kada in kai ga rantsuwa, Allah ya ga niyyata. Na ce akwai rahoton Bature a rubuce, da garwa da komai. Haladu ya ce ai takarda hannuna ce, abin da na ga dama za ta faɗa, su kuwa ba mai karanta Turanci a cikinsu.

Baba bai yi dariya ba. Ya kama hannuna ya riƙe, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam. Amma kada ka ɗauki zunubin ƙarya saboda ni. Tsufa ba abin kunya ba ne, na riga na karɓa."

Juma'a, 8 ga Yuli, da safe

Dami tara a ƙofar sito tun jiya, uku na Ƙasimu ne. An kawo wake ma, ja, na kasuwa, gobe za a saka. Limamin unguwarmu ya tare ni a hanya ya ce labarin ya iso shi, ya ce irin wannan hali a littattafai kawai yake ganinsa. Na ce ni ma.

Lahadi, 10 ga Yuli, bayan azahar

Jiya talatin da takwas suka ci ɗanwake suka koma aji. Na tsaya ina kallonsu suna lashe yatsu. Abin da muka ƙulla don shi ke nan, kuma ya dawo. Na nemi farin cikin a raina, yana nan, sai dai kamar kayan aro.

Baba ya aiko cewa a nemi wani ya riƙa fita da yara gona, kada ya koya musu kuskure.

Talata, 12 ga Yuli, kafin magariba

Na koma, wannan karon da Talatu, ita ta ce za ta, ko me za a ce. Muka same shi shi kaɗai a zaure yana gyaran igiya. Ta faɗa masa komai, tiryan-tiryan, har launin rariyar da inda aka watsa tokar da kwana taran da waken ya yi a garwa. Ta fi ni iya ba da labarin nesa ba kusa ba.

Ya saurara har ta gama. Na ga idonsa ya tsaya a wuri ɗaya, na ce a raina ya kama, yanzu zai tuna nauyin ƙwaryar a hannunsa. Sai ya yi murmushi ya ce har baiwar Allah na wahalar, ta haddace duk wannan a kan hanya. Ya sa aka kawo mana fura.

Da za mu tafi ya rako mu bakin zaure, ya bari Talatu ta yi gaba, ya rage murya.

Ya ce, "Malam, 'ya'yana suna lallaɓa ni, in na yi ba daidai ba sai su ce daidai ne. Wannan karon na yafe maka, don na san don ni ka yi. Amma nan gaba in ka ga na sake ruɗewa, kada ka rufa mini. Ka faɗa mini gaskiya yadda take. Kai kaɗai na yarda da kai."

Na ce to, Baba.